Na shiga Galeries Lafayette don sayen turare, kubbarsa ta tsayar da ni

Ƙanwata ce ta matsa sai mun je Galeries Lafayette, wani katafaren kanti a Paris. Kwana huɗu kacal gare mu a Paris, ni kuma a lissafina kanti kanti ne, ko a ina yake: ka shiga, ka saya, ka fito. Muka sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Chaussée d'Antin, muka ɓullo kan titin Haussmann, daf da bayan gidan Opera na Garnier. Daga waje ginin bai fi maƙwabtansa da komai ba.

Hawan ƙasa na turaruka ne da kayan kwalliya, ƙamshi kuwa tun daga bakin ƙofa yake tarbar mutum. Ina tsaye ina shinshina wata 'yar takarda da mai sayarwa ta fesa wa turare, sai ƙanwata ta riƙo hannun rigata. "Yaya, bar wannan tukuna, ɗaga kanka."

Na ɗaga. Wallahi na daɗe ban sauke ba.

Kubba ce ta gilashi mai launi, shuɗi da ruwan ɗorawa da ja-ja, tana can sama mita 43 daga ƙasa. Hasken rana yana ratsowa ta cikinta yana zubowa kan jama'a, in girgije ya gifta sai launin ɗakin duka ya sauya. A ƙarƙashinta baranda ce hawa kan hawa, sun kewaye filin, kowace da bakan gizo na ado da ƙarfe da aka lanƙwasa shi ya zama ganye da fure, an shafe da ruwan zinare. A shekarar 1912 aka buɗe wannan kubba, gilashin kuma aikin Jacques Gruber ne, ɗaya daga cikin gwanayen birnin Nancy. Abin da ya fi taɓa ni shi ne asalin wurin: wasu 'yan uwa biyu daga yankin Alsace, Théophile Bader da Alphonse Kahn, su suka fara da ɗan shagon kayan ɗinki da tufafi a ƙarshen ƙarni na 19. Mutanen da ke sayar da zare da leshi suka ga ya dace mai zuwa cefane ya tsaya ƙarƙashin irin wannan kyau. Na girmama musu wannan tunani.

A hawa na 3 akwai wata 'yar gada ta gilashi mai tsawon mita 9, ta miƙe cikin sarari, mita 16 sama da masu sayen turare. Na taka ta. Ta ƙarƙashin takalmina ina hango kawunan mutane, gabana na faɗuwa, amma daga nan ne na ga zanen gilashin sosai, har da siraran ƙarafan da suka riƙe kowane yanki.

Batun kaya kuwa, gaskiya ɗaya ce: wurin masu hannu da shuni ne. Chanel, Dior, Louis Vuitton, duk suna nan, wasu har da layi a ƙofa. Ni turare ɗaya na saya da gyale na tsaraba. Wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba yana iya neman a mayar masa da wani kaso na haraji idan sayayyarsa ta haura Yuro 100, don haka a tafi da fasfo. Sun cika mini takardar a nan kantin, na tantance ta a na'ura a filin jirgi kafin in ba da jakata. Ɓangaren abinci yana tsallaken titi; a wajen cakulan na tambaya wanne ne babu barasa a ciki, suka nuna mini ba tare da ɓata rai ba.

Sai rufin. Hawansa ko sisi ba a biya. Muka bi matakala mai tafiya har ƙarshe, muka ƙarasa da ƙafa, sai ga Paris a shimfiɗe: rufin Opera kamar ka miƙa hannu ka taɓa, hasumiyar Eiffel can nesa, farar cocin Sacré-Cœur bisa tudun Montmartre. A gefe akwai dutsen tunawa da Jules Védrines, matuƙin da ya sauke ƙaramin jirginsa a kan wannan rufi a watan Janairun 1919. Na auna faɗin wurin da ido, na kasa gane yadda zuciyarsa ta ɗauka.

Mun je da hantsi, kafin azahar cunkoso ya kai sai an yi haƙuri da juna a matakala. Mai son ya kalli kubbar a natse ya yi sammako. Ranar da za mu taso muka sake komawa da yamma, ba mu sayi komai ba, muka haye rufin muka jira aka kunna fitilun Eiffel.