Wane mukulli na biyu za a sa wa asusun ofis?

In oga ya amince a ƙara mataki na biyu bayan kalmar sirri a imel da asusun kamfani, hanya uku ce a gabanku: lambar da ake turowa ta tes, manhajar waya mai fitar da lamba, sai ɗan mukullin da ake sokawa a kwamfuta.

Tes ya fi babu, iyakar yabonsa ke nan. Sabis na ɗaukewa aiki ya tsaya, kuma duk wanda ya yi wa layinka walkam-bak da takardun bogi, shi lambobin za su riƙa zuwa wa. Da irin wannan aka ƙwace shafin Twitter na Jack Dorsey a 2019, alhali a lokacin shi ne shugaban kamfanin.

Manhaja irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator ba laifi. Kyauta ce, tana fitar da lamba mai alƙaluma 6 da ke sauyawa duk daƙiƙa 30, ba ruwanta da data ko sabis. Amma a buga lambobin ko-ta-kwana, waɗanda ake shiga asusu da su in waya ta ɓata, a takarda a kulle a durowa tun ranar farko. A wani wurin da na yi aiki an zare wa akanta waya a kasuwa ana gab da biyan albashi, sai da muka ga tasku kafin asusun ya buɗe.

Ni dai mukullin ne zaɓina, YubiKey na kamfanin Yubico ko Titan na Google. Bai fi filas girma ba, ba batir, ba caji. Ka soka, ka taɓa da yatsa, shi ke nan. Abin da ya fifita shi: lamba kana iya rubuta ta a shafin ƙarya da hannunka, shi kuwa mukullin sai ya tantance adireshin shafin tukuna, in na bogi ne ba zai amsa ba ko da kai ka ruɗu. Google ya wajabta shi ga ma'aikatansa sama da 85,000 a 2017, kuma a 2018 ya ce tun daga lokacin ba a yi nasarar sace asusun ko ɗaya ta hanyar shafin yaudara ba. Da dala ake sayensa, don haka a fara da oga, akanta da mai kula da kwamfutoci. Kowa biyu, ɗaya a jikin mukullan mota, ɗaya a sef. A duba bakin kwamfutar, USB-A ne ko USB-C, kuma a ɗauki mai NFC, wato wanda ake kara wa waya ta karanta shi ba sai an soka ba.

Sai maganar 'yan damfara. Kada ku sayi mukulli na hannu ko wanda aka ɓare ledarsa. Yubico na da shafin da ake soka mukulli ya tabbatar nasu ne. Manhajar da ta ce ka biya kuɗin wata kafin ta ba ka lamba, goge ta, ka duba sunan kamfanin da ya yi ta. Wanda ya kira da muryar ladabi ya ce daga banki ne ko daga sashen kwamfuta, ka karanto masa lambar da ta shigo, ɓarawo ne, ko da ya faɗi cikakken sunanka. Haka in waya ta dame ka da saƙon "amince" ba kai ka nemi shiga ba. Da wannan nacin aka shiga Uber a 2022: aka yi ta turo wa wani ɗan kwangila saƙon har ya danna. In ka ga irinsa, kalmar sirrinka ta riga ta fita, ka ƙi amincewa ka sauya ta nan take.