Bitar GNU findutils da littattafan jagorarsa: inda bayani ya wadata da inda yake neman faci

Na yi shekaru ina amfani da find, umarnin neman fayiloli a Linux, kafin in zauna in karanta shafin jagorarsa daga farko har ƙarshe, kuma kuskuren kaina ne ya zaunar da ni. Ina so ne in tattara fayilolin rahoto da suka haura kwana ɗaya a wata na'ura da nake kula da ita, sai na rubuta find . -name '*.log' -mtime +1, jeri ya fito, na ɗauka aiki ya kammala. Sai daga baya na lura cewa fayilolin da suka yi awa 30 ko awa 40 babu ko ɗaya a cikin jerin. Manhajar ba ta yi laifin komai ba, domin ta bi ƙa'idarta ne daidai: tana ƙirga cikakkun awa 24 nawa suka wuce, ta watsar da abin da ya yi saura, don haka fayil mai awa 40 kwana ɗaya ne a wurinta, kuma +1 yana nufin fiye da ɗaya, wato sai wanda ya kai awa 48. Abin da ya kamata in rubuta shi ne -mtime +0. Wannan bayani yana nan a shafin jagora, amma an ajiye shi ne a ƙarƙashin -atime, zaɓin da ke duba lokacin da aka karanta fayil na ƙarshe, shi kuwa sakin layin -mtime, mai duba lokacin da aka canja fayil na ƙarshe, sai ya tura mai karatu can da jimla guda, wadda mai gaggawa ba zai bi ta ba.

Abin da nake bita a nan shi ne findutils na GNU (aikin samar da manhajoji masu 'yanci), ƙunshin da ya haɗa find da xargs da locate da updatedb, musamman takardun bayaninsa da kuma yadda mutum zai yi musu faci, wato gyaran da ake miƙa wa masu kula da su, idan ya ga gurbi. Asalin find tsoho ne ƙwarai, domin ya fito daga Unix na shekarun 1970, kuma Dick Haight ne ya rubuta shi. Na GNU sabon rubutu ne daban, kuma duk wanda ya buga find --version zai ga sunayen Eric Decker da James Youngman da Kevin Dalley a matsayin marubuta. Shi ne ake samu a galibin rabe-raben Linux tun daga ranar da aka girka su.

Game da ƙarfin manhajar kanta ba ni da dogon ƙorafi. Abin da ke biyo bayan sunan folda a umarnin find ƙaramin harshe ne mai nahawunsa, inda ake jera sharuɗɗa, a haɗa su da "da" ko "ko", a kuma faɗi abin da za a yi wa kowane fayil da ya cika su. Wanda ya iya wannan harshe yana iya cewa, a layi guda, a nemo masa fayilolin wani mai amfani da suka wuce wani girma, waɗanda ba a taɓa ba tun wata rana, a tsallake wata folda gaba ɗaya, sannan a miƙa sakamakon ga wata manhaja. Zaɓin -print0 tare da xargs -0 (xargs shi ne ke miƙa jerin sunayen ga wani umarni) ya magance matsalar sunayen da ke ɗauke da sarari ko sabon layi a cikinsu, kuma amfaninsa ya bayyana har POSIX, ƙa'idar bai-ɗaya ta tsarin Unix, ta shigar da shi a bugunta na 2024. Siga ta 4.9.0 da ta fito a 2022 ta ƙara -files0-from, wanda ke ba da damar karanta wuraren fara bincike daga fayil. Ta wannan fuska kayan aiki ne da ya nuna sarai.

Littattafan jagorar ne suke da abin tattaunawa, kuma biyu ne. Akwai shafin man, wanda ake buɗewa da man find, an rubuta shi da tsarin roff. Akwai kuma babban littafi mai suna Finding Files, wanda aka rubuta da Texinfo, ake karanta shi da info find. A al'adar GNU littafin Texinfo ne babba, amma a aikace kusan kowa shafin man yake buɗewa, kuma ina zaton mutane da yawa da suka daɗe da Linux ba su taɓa leƙa ɗayan ba. Wannan abin takaici ne, domin littafin ya fi tsari: ya kasa magana bisa aikin da mutum yake son yi, yana da babi na misalan da aka warware dalla-dalla, da kuma babi guda a kan tsaro wanda ya bayyana dalilin da ya sa -execdir ya fi -exec aminci a foldar da wasu suke iya rubutu a cikinta.

Dole a yaba wa shafin man ta fuskar gaskiya, domin ban taɓa kama shi yana faɗin abin da manhajar ba ta yi ba. Sakin layin -size misali ne mai kyau na yadda ya kamata a rubuta gargaɗi. Ya faɗa a fili cewa ana ɗaga girman fayil zuwa cikakken ma'auni na gaba, saboda haka -size -1M ba ya kama komai sai fayilolin da babu komai a cikinsu, alhali -size -1048576c yana kama duk wanda bai kai megabayit ɗaya ba. Fayil mai bayit ɗaya tak, idan aka auna shi da M, ya zama ɗaya, kuma ɗaya bai gaza ɗaya ba. Ga gargaɗin a daidai inda mutum zai yi tuntuɓe, ga lambobi, ga madadin da ya dace. Haka kuma ina son sashen da ke kusa da ƙarshe, wanda aka ware wa abubuwan da mutane ke kawo ƙara a kansu alhali ba kura-kurai ba ne. A can aka yi bayanin dalilin da ya sa find . -name *.c yake ƙin aiki idan ba a saka alamar zance ba, tunda bash, manhajar da ke karɓar umarnin da aka buga, yana faɗaɗa tauraron kafin find ya gan shi, da kuma dalilin da ya sa find . -name afile -o -name bfile -print ba zai taɓa nuna afile ba, saboda "da" ɗin da ba a rubuta ba ya fi "ko" ƙarfin ɗauri.

Matsalar ita ce wurin da aka ajiye waɗannan abubuwa. Kuskuren alamar zance shi ne na farko da kowane sabon shiga yake yi, amma cikakken bayaninsa yana can bayan ɗaruruwan layuka, bayan jerin alamomin -printf da ba kowa ke bukata ba. Sashen misalai ma yana ƙasa, alhali shi ne abin da mutum ya zo nema. An tsara shafin ne domin wanda ya riga ya san find yana son tuna wani abu, shi kuwa mai koyo sai ya yi ta hawa da sauka. Zancen -delete ya fi damuna. Shafin ya yi gargaɗi cewa find yana bin sharuɗɗa ne daga hagu zuwa dama, don haka idan aka fara da -delete zai yi ƙoƙarin share duk abin da ke ƙarƙashin foldar kafin a kai ga -name, ya kuma faɗi cewa -delete yana kunna -depth (fara da abin da ke cikin folda kafin ita kanta) da kansa, wanda ke hana -prune, zaɓin tsallake folda, aiki. Duka gaskiya ne, amma an rubuta su da murya iri ɗaya da sauran zaɓuɓɓuka marasa haɗari, a cikin jerin da ke bin haruffa, kuma share fayil a layin umarni ba shi da kwandon shara da za a koma a tono.

Wani gurbin kuma shi ne bambanci tsakanin na GNU da sauran. Akwai sashe da ya lissafa abin da POSIX ya tanada, amma a jikin yawancin zaɓuɓɓuka ba a nuna wanne ne ƙarin GNU ba. Mutum zai rubuta jerin umarni da -printf, ya kai shi macOS, ya tarar find ɗin can, wanda ya fito daga BSD, wani reshen Unix, bai san wannan zaɓi ba, kuma ba ya yarda a bar sunan folda kamar yadda na GNU yake ɗaukar foldar da ake ciki idan ba a faɗa ba.

Da na yi niyyar gwada gyara sakin layin -mtime a kwafin da ke kwamfutata, na fahimci cewa facin bayani yana da nasa horo. Tushen manhajar yana ma'ajiyar git a Savannah, shafin da GNU ke ajiye ayyukanta, kuma fayiloli biyu ne suka shafi aikin, find.1 da find.texi. Wanda ya gyara ɗaya ya bar ɗaya ya haifar da saɓani tsakanin littattafai biyu, kuma mai karatu ba shi da hanyar sanin wanne zai bi. Ana duba yadda shafin zai fito da man -l find.1, a gina littafin da makeinfo don ganin ko ya kawo ƙorafi, sannan git format-patch ya fitar da facin a fayil guda tare da bayanin abin da aka canja da dalili. Tsarin nuna layukan da aka cire da waɗanda aka ƙara tsoho ne, kuma manhajar patch da ke ɗora su Larry Wall ne ya fitar da ita a 1985.

Akwai wani ƙaramin tarko a roff da ya kamata mai faci ya sani. Ɗan karan da ke gaban zaɓi, kamar na -name, dole a rubuta shi \- a fayil ɗin tushe. Idan aka rubuta shi tsirara, groff, manhajar da ke tsara shafin man, yana iya fitar da karan ɗori na rubutun littafi, wanda a ido kusan iri ɗaya ne amma a wurin kwamfuta wani harafi ne daban, sai mai karatu ya kwafi misali daga shafi ya liƙa, umarnin ya ƙi aiki, ya rasa dalili. Wannan batu ya taso da ƙarfi bayan fitowar groff 1.23.0 a 2023, lokacin da shafukan man da yawa na manhajoji daban-daban suka bayyana da wannan aibi.

Abin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne gwada kowace jimla kafin a rubuta ta. Na ƙirƙiri fayiloli uku da touch -d, na ba su shekarun awa 10 da awa 30 da awa 50, na bi su da umarni ɗaya bayan ɗaya. Da -mtime 0 na farko ne kaɗai ya fito, da -mtime 1 na biyu kaɗai, da -mtime +0 na biyu da na uku, da -mtime +1 na uku kaɗai. A rubutuna na farko na ce "fayilolin jiya", sai gwajin ya nuna mini cewa kalmar "jiya" ƙarya ce, domin find yana ƙirga daga lokacin da aka buga umarnin ne, ba ruwansa da kalanda, sai fa idan an saka -daystart. Na goge na sake. Gyaran da ya rage a ƙarshe jimla biyu ne kacal, kuma sun ci mini lokaci fiye da yadda gyaran layi goma na manhaja yake ci.

Wanda yake son miƙa irin wannan gyara ga masu kula da aikin sai ya san abu biyu. Na farko, haƙƙin mallakar findutils yana hannun gidauniyar FSF, wadda ke tallafa wa GNU, kuma ƙa'idar GNU ita ce gudummawar da ta wuce kimanin layi 15 tana bukatar a sa hannu a takardar miƙa haƙƙi, rubutun bayani ma yana cikin lissafin. Ƙananan gyare-gyare ba sa bukatar haka. Na biyu, sigogi ba sa fitowa da sauri: 4.6.0 ta fito a 2015, 4.7.0 a 2019, 4.8.0 a 2021, 4.10.0 kuma a 2024, sannan rabe-raben Linux suna ɗaukar nasu lokacin kafin su ɗauka. Jimlar da aka gyara yau tana iya yin shekaru kafin ta isa allon mai karatu, kuma idan ta isa za ta daɗe a can. Shafin har yanzu yana ɗauke da layin da ke cewa an daina karɓar -perm +mode, ana shawartar a guje shi tun 2005, a yi amfani da -perm /mode, kuma ina ganin daidai ne a bar shi, tunda tsofaffin darussa masu tsohon salon ba su ƙare a intanet ba.

A kan locate ba ni da abin faɗa mai yawa. Yana da sauri saboda yana duba rumbun sunaye ne wanda updatedb ya tara, don haka ba ya ganin fayil ɗin da aka ƙirƙira bayan tarawar ƙarshe, kuma shafinsa gajere ne da ya isar. Shi kuwa fd, madadin find wanda David Peter ya rubuta da harshen Rust, ya fi sauƙin koyo nesa ba kusa ba, bayaninsa kuma yana farawa da misalai, amma yana ɓoye ɓoyayyun fayiloli da duk abin da .gitignore (jerin fayilolin da git zai ƙyale) ya ware sai an ce masa ya nuna, kuma a Debian sunan umarnin fdfind ne. Don neman fayil da hannu nakan ɗauki fd. Don jerin umarnin da zai yi aiki da dare ba tare da kowa na kallo ba, find nake amfani da shi, kuma kafin in saka -delete sai na fara buga umarnin da -depth da -print a madadinsa, in karanta jerin har ƙarshe.