WordPress ko shafin da za a rubuta muku daga tushe? Amsa ga Malam Sakatare

Malam Sakatare, sannu da ƙoƙari. Tsakanin biyun da aka kawo muku, wato a ɗora shafin intanet na ƙungiyarku a kan WordPress, manhajar nan ta haɗa shafuka, ko a rubuta muku naku daga tushe, ku ɗauki WordPress. Kada ma ku ɓata zaman kwamiti a kai.

Shi muke amfani da shi a ƙungiyarmu ta tallafa wa marayu, kuma har gobe ina yi wa yaron da ya ba mu shawarar addu'a. Bayan ya haɗa mana shafin, aka tura shi bautar ƙasa can kudu, lambarsa ma ba kullum take shiga ba. Babu abin da ya tsaya. Sakatariyar yaɗa labaranmu malamar firamare ce, ba ta taɓa karatun kwamfuta ba, amma da azumi a wayarta take ɗora sanarwar neman gudummawar kayan sallah. Na ga lokacin da ta gyara lambar asusun banki da aka rubuta ba daidai ba, tana zaune a kan tabarma muna jiran a kira magariba. Da muka buƙaci gyara babba, wani matashi muka kira daga unguwa, ya buɗe ya gane komai nan take, domin abin da ya riga ya sani ne. Manhajar kyauta ce, tun 2003 take, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya a kanta suke. Ko a Kano kake ko Gusau ko Maraɗi, ba za ka rasa wanda ya iya ta ba.

Na tushe kuwa, to, ban ce ba shi da rana ba. Idan uwar ƙungiya ce mai rassa a jihohi 36, ana cire kuɗin wata daga albashi, ana son katin shaida da zaɓe ta intanet, kuma akwai albashin da za a riƙa biyan ma'aikacin da zai kula da shi, sai a yi. Reshe irin naku, ran shafin zai koma hannun mutum ɗaya, duk wanda ya zo bayansa kuma cewa zai yi a rushe a sake.

Wani zai ce ku yi Wix, wani dandalin haɗa shafuka, ku huta. Yana da sauƙi, gaskiya ne, amma ba a kwashe shafi daga can a kai wani masauki, wato kamfanin da ke ajiye shafi a intanet, kuma yawanci da dala ake biya. Kowa ya ga abin da ya faru bayan watan Yunin 2023, dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Ma'ajin da ke tara kuɗin wata ɗari biyar-biyar ba zai so lissafin da ke tashi da kansa ba.

WordPress ma yana da nasa laifin, yana son kulawa. Yawancin kutsen da ake yi masa ta ƙananan manhajojin da ake maƙala masa ne, waɗanda aka bari ba a sabunta ba. Ku sa kaɗan, ku ware mutum ɗaya ya riƙa sabuntawa duk wata, a kuma ajiye kwafin shafin a wani wuri dabam da masaukinsa. Kuɗin wannan aiki ya shiga kasafin shekara tun yanzu. Mutanenmu suna ware kuɗin gini da na bikin ƙaddamarwa, su manta da na kulawa, shi ya sa za ka buɗe shafin ƙungiya ka tarar da hoton shugaban da ya sauka tun zaɓe biyu baya.

Ba ka tambaya ba, amma wannan ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci: ku yi hattara da masu haɗa shafi marasa amana. Adireshin shafi kamar takardar fili yake, wanda sunansa ke jiki shi ne mai shi, ko da ku kuka biya. Wasu za su yi rajistarsa da imel ɗinsu, shekara na zagayowa su yanka muku kuɗin da suka ga dama, in kun ƙi shafin ya mutu. Ku buɗe imel na ƙungiya, ku yi rajistar adireshin da masaukin da sunan da ke kan takardarku ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, mai haɗawa ya zo ya yi aiki a cikin gidanku. Kafin ku biya shi cikon kuɗinsa, kai da ma'aji ku shiga asusun da hannunku ku canza kalmar sirri. A rubuta ta, a ba kwamitin amintattu, a sa ta cikin kayan da ake miƙa wa sababbin shugabanni tare da hatimi da littafin banki.

Duk wanda ya ce muku biya ɗaya ne har abada, ƙarya yake yi. Adireshi da masauki haya ne, ana sabunta su. Wanda ya rubuta muku kuɗi mai kauri na ɗan makullin tsaron nan da ke gefen adireshi, ku tambaye shi dalili, domin wata cibiya mai suna Let's Encrypt kyauta take bayar da shi. Wanda kuma ya ce yana da manhajojin kuɗi da ya samo a banza, na sata ne, sau da yawa da ƙofar ɓarayi a cikinsu.

Adireshi ku ɗauki mai ƙarewa da .org.ng, NiRA, ƙungiyar rajistar adireshin intanet ta Najeriya, ce ke kula da shi, kuma da naira za ku biya ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Karɓar kuɗin wata ko gudummawa, Paystack da Flutterwave, kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet, duk suna haɗuwa da WordPress. Sai dai don Allah kada ku baje sunayen mambobi da lambobin wayarsu a fili. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, kuma ko babu doka, 'yan damfara irin wannan jerin suke nema. Mu ko fuskar maraya ba ma ɗorawa.

Ranar da mai haɗa shafin zai nuna muku aikin, kada ku kalla a babbar kwamfutarsa. Ka karɓi ƙaramar wayar wani mamba ka buɗe da datarsa, ka ga ko zai buɗe da wuri. Sannan ka sa ya rubuta "ƙungiya", "ɗan'uwa" da "ɓangare" a kanun labari. Wasu salon haruffan ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ka ga ɗan akwati a wurinsu, gara a canza tun yana gabanku. In ya ba ku takardar farashi, turo ta nan mu duba kafin ma'aji ya sa hannu.