CSV ko XLSX: Wanne Ya Fi Dacewa da Power BI?

Ɗan'uwa, ka ce kana da bayanan makarantun firamare da aka tattaro daga ƙananan hukumomi, da sunayen garuruwa da lambobin wayar shugabannin makarantu da yawan ɗalibai, kuma kana son sanin fayil ɗin da ya fi dacewa ka ɗora wa Power BI, manhajar Microsoft ta zana bayanai, tsakanin CSV da XLSX, wato fayil ɗin Excel. Ni dai CSV zan ba ka shawara, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi zaɓin muhimmanci.

CSV tsurar rubutu ne. Ka buɗe shi da Notepad za ka ga komai a fili: kowace makaranta layi guda, waƙafi yana raba suna da lamba. Ba launi, ba lissafi, ba shafuka barkatai. Shi ya sa kusan duk manhajar zana bayanai take karɓarsa, daga Power BI da Tableau har Datawrapper, kuma QGIS ma zai ɗora maka makarantun a kan taswira idan akwai lambobin wurin da kowace take. XLSX kuwa, wanda ya zo tare da Office 2007, ƙunshi ne na ƙananan fayiloli da aka matse wuri guda. Yana riƙe shafuka da yawa, yana riƙe lissafi, kuma abin da ya fi CSV da shi nesa ba kusa ba, yana tuna cewa wannan gidan rubutu ne, wancan kwanan wata ne.

Wannan rashin tunawar ne raunin CSV, kuma mu ya fi cizo. Lambar wayar Najeriya da sifili take farawa. Ka danna CSV sau biyu ya buɗe a Excel, sai Excel ya ɗauki lambar a matsayin adadi, 0803 ta koma 803. Idan da 234 aka rubuta ta, sai ka ga wani abu kamar 2.35E+12. Haka lambar asusun banki da ta fara da sifili take gutsurewa. Ga kuma kwanan wata: 04/03/2024 a wurinmu 4 ga Maris ne, amma kwamfutar da ke kan saitin Amurka 3 ga Afrilu za ta karanta, alhali 25/03/2024 za ta bar shi rubutu tunda babu wata na 25. Ka ga layin tsaye ɗaya ya rabu biyu, rabi kwanan da aka juya, rabi rubutu, kuma zanen zai fito tsaf ba tare da ya gargaɗe ka ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Idan Excel bai gane cewa fayil ɗin UTF-8 ne ba, wato tsarin adana rubutu da ke riƙe irin waɗannan haruffa, Ƙanƙara sai ta fito Æ˜anÆ™ara. Wannan yana gyaruwa, domin harafin yana nan a ciki, karatun ne ya karkace. Amma idan aka adana da tsohon zaɓin CSV, ƙ da ɗ da ɓ duk alamar tambaya suke komawa, kuma an rasa su ke nan sai dai a sake bugawa da hannu. XLSX ba ya da wannan ciwon ko kaɗan. Idan kuma akwai abokan aiki a Maraɗi ko Damagaram, ka tuna Excel mai saitin Faransanci 12,5 yake rubutawa a inda muke rubuta 12.5, don haka CSV ɗinsa da waƙafi mai ruwa yake raba bayanai. Ka buɗe shi a Kano sai ka tarar komai ya cunkushe a layin tsaye guda.

To me ya sa duk da haka na ce CSV? Saboda kusan duk ɓarnar nan ba daga fayil ɗin take ba, daga buɗe shi kai tsaye a Excel da sake adana shi ne. Ita kuwa ɓarnar XLSX daga hannun mutane take, kuma ta fi wuyar ganowa. Ma'aikaci zai haɗe gidaje uku ya rubuta sunan ƙaramar hukuma sau ɗaya a sama, ya bar layi biyu fanko don kyan gani, ya sa jimilla a ƙasa, ya shafa wa makarantun da ba su da rijiya jan launi. A idon mutum ya yi kyau. Power BI kuwa ba ya karanta launi, jimillar nan zai lissafa ta a matsayin wata makaranta, yawan ɗalibanka ya ninka biyu. CSV ba ya ba ka damar haɗe gidaje ko shafa launi tun farko.

Akwai kuma iyaka. Shafin XLSX yana tsayawa a layi 1,048,576, tsohon XLS a 65,536, CSV kuwa ba shi da iyaka tasa ta kansa. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa mutum 15,841 da suka kamu da korona sun faɗi daga ƙididdiga, domin ana zuba sakamakon gwaji a tsohon XLS, ya cika, sauran suka zube. Bayanan makarantunka ba za su kai nan ba, sai dai idan wata rana ka koma lissafa ɗalibai ɗaya-ɗaya.

Ga yadda zan yi da a ce ni ne. Masu cikewa su ci gaba da aiki a XLSX, shafi guda, layin farko sunayen bayanai kawai, gidan lambar waya a mai da shi rubutu kafin a buga komai, kwanan wata kuma a tsarin 2024-03-04. In an gama, ka adana kwafi da zaɓin CSV UTF-8, kada ka sake danna shi sau biyu. A Power BI ka shigo da shi ta Text/CSV, ka duba File Origin yana kan 65001, wato UTF-8, sannan ka shiga Transform Data kafin Load. Power Query, wato wurin gyaran bayanai da Transform Data ke buɗewa, yakan ƙara matakin Changed Type da kansa, shi ma yana cinye sifili, don haka ka goge matakin ka mai da lambobin waya rubutu da hannunka.