Kalandar zanen Evelyn De Morgan: bugu mai kyau, bayani mai rowa

Kalandar bango ce mai shafi 12, kowane wata da zane ɗaya na Evelyn De Morgan, 'yar Ingilar nan da aka haifa a Landan a 1855 ta rasu a 1919. A wani shagon intanet mai sayar da kayan tsaraba na saye ta, fam 14 har da kuɗin aike, ta kuma iso cikin kwali mai tauri, ba lanƙwasa ba tabo. Ƙarƙashin kowane zane akwai 'yan layukan bayani, a bangon baya kuma shafi guda na tarihin matar da danginta. Wanda ya buga hotunan ya san aikinsa. Wanda ya rubuta bayanin kuwa, kamar daga barci aka tashe shi aka miƙa masa biro.

Bari in fara da abin yabo. Takardar tana da kauri kuma ba ta ƙyalli, ko fitila ta haska ta kai tsaye ba ta kashe ido. An sa wa ramin ratayewa zoben ƙarfe, don haka ba zai yage ba kafin shekara ta raba. Gidajen ranaku ƙanana ne, kalma uku ta cika ɗaya, amma ni dama ba don rubuta ranar ganin likita na saye ta ba.

Zanen Janairu shi ya fi komai fitowa. Shi ne wanda ta kira Night and Sleep, wato Dare da Barci, na 1878, lokacin ba ta wuce shekara 23 ba. Mutum biyu ne ke shawagi a sararin sama. Dare yana gaba ya ɗaga mayafi iska tana kaɗa shi, yana riƙe da hannun Barci, shi kuma Barci ido a lumshe yana watso jajayen furannin da ake samun sinadarin sa barci daga gare su. Da yake zanen a kwance yake, ya zauna daram a shafin ba a yanke masa komai ba. Idan ka matso kusa za ka ga kowace ninkin tufa da inuwarta, ja bai cinye ruwan hoda ba, duwatsun da ke can ƙasa kuma ba su zama baƙin tabo ba kamar yadda ake gani a bugu mai arha.

Flora kuwa an zalunce ta. Zanen nan na 1894 dogo ne siriri, tsayinsa ya kusa mita biyu, a birnin Fulorens na Italiya ta yi shi. Mace ce tsaye cikin riga mai adon furanni, da jan gyale mai hoton tsuntsaye na ruwan zinariya, bayanta bishiya cike da 'ya'ya, ƙarƙashin sawunta furanni barbaje. A ƙasa daga gefe akwai 'yar takarda da aka rubuta baiti da Italiyanci, inda Flora ke faɗin daga Fulorens ta fito. Shafin kalandar murabba'i ne, sai mai tsarawa ya datse zanen daga gwiwa. Ƙafafu sun tafi, furannin ƙasa sun tafi, baitin ya tafi. Da ya rage girman hoton ya bar fili hagu da dama, wa zai yi masa faɗa?

To, yanzu ga inda raina ya ɓaci. Shafin tarihin ya gabatar da ita ta hanyar maza uku: 'yar lauya Percival Pickering, 'yar 'yar'uwar mai zane John Roddam Spencer Stanhope, matar mai tukwane William De Morgan. Duka gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya. Sai dai wanda ya karanta zai ɗauka uba ya biya makaranta, kawu ya koya mata riƙe buroshi, miji ya ba ta suna, ita kuma ta zauna tana shafa fenti. Labarin gidan ba haka yake ba, kuma ya fi wannan daɗi nesa ba kusa ba.

Gidansu gidan masu hali ne. Uban babban lauya ne, uwar kuma, Anna Maria, daga zuriyar Spencer Stanhope ta fito, masu katafaren gidan Cannon Hall kusa da Barnsley. A irin wannan gida yarinya tana iya koyon ɗan zane don kwalliya, amma a ce sana'arta ke nan, tana sayarwa ana biyan ta, abin kunya ne. Ƙanwar Evelyn, Wilhelmina, ta ba da labarin cewa uwar ta ce ita 'ya take so, ba mai zane ba. Ranar da Evelyn ta cika shekara 17, a Agustan 1872, ta rubuta a littafinta na sirri cewa fasaha ba ta mutuwa amma rai gajere ne, ba ta da lokacin ɓatawa. A 1873 ta shiga makarantar zane ta Slade, wadda aka buɗe a 1871 kuma take karɓar mata, ta ci kyaututtuka har da tallafin karatu. Sunanta na farko Mary ne, ta ajiye shi ta riƙe Evelyn, sunan da maza ma ke amsawa a lokacin. A 1877, tana 'yar shekara 21, aka rataye zanenta a baje kolin farko na Grosvenor Gallery tare da na manya irin su Edward Burne-Jones. Duk wannan kalandar ta dunƙule shi a jimla ɗaya, wai ta yi karatu a Slade.

Kawu Roddam dai ya cancanci a ambace shi, ban yi musu ba. Shi ya tsaya mata, kuma zamansa a Fulorens ya buɗe mata ƙofar Italiya, inda ta ƙare wa aikin Botticelli, shahararren mai zanen birnin na zamanin da, kallo har ya shiga hannunta.

Maganar aure ce aka fi juyawa. Sun yi aure a 1887, William ya girme ta da shekara 16. Gwani ne na gaske a tayil da tukwane masu sheƙi, abokin mai zayyana William Morris, ɗan masanin lissafin nan Augustus De Morgan. Amma gwaninta daban, kasuwa daban. Masana'antarsa ta Fulham, wadda ya buɗe a 1888, ba ta riƙe kanta ba, kuɗin Evelyn ne suka yi ta toshe ramin shekara da shekaru har ya bar harkar a 1907. Ita ce kuma ta ƙarfafa masa gwiwar rubutu, littafinsa na farko ya fito a 1906 yana dab da shekara 67, ya samu karɓuwa, kuɗi suka fara shigowa ta ɓangarensa. Kalandar ta ce ta “taimaka” masa. Wannan kalma ta yi wa abin da ta yi kaɗan.

Haka bayanin da ke ƙarƙashin The Gilded Cage, Kejin Zinariya. A zanen, matashiya cikin riga ruwan gwal ta miƙa hannu ta taga wajen masu rawa da kiɗa a waje, kayan adonta yashe a ƙasa, wani dattijo yana zaune ya kau da kai, sama da su tsuntsu a keji, ɗan'uwansa kuma yana tashi a fili. Mai bayanin ya tuna mana tazarar shekarun Evelyn da mijinta, ya bar mu mu ƙarasa da kanmu. Ni ban yarda da wannan shaguɓe ba. Matar da ta sa hannu a takardar neman 'yancin zaɓe ga mata a 1889, mijinta ma yana goyon bayan wannan fafutuka, ba sai aurenta ya lalace ba kafin ta zana halin da ta ga matan ajinta suna ciki. Ta girma a cikinsu, ta san abin da aka shirya mata da ta bi maganar uwarta.

Mata biyu kuma babu su sam a shafin, alhali ba don su ba da babu kalandar. Ta farko Jane Hales, wadda ta shigo gidan Pickering a matsayin mai raino, ta zama fuskar da Evelyn ta fi zanawa. Ita ce Flora. Ka juya watanni za ka yi ta cin karo da wuyanta da haɓarta, amma ba a faɗi sunanta ko sau ɗaya ba. A maƙabartar Brookwood, kusa da Evelyn da William aka binne ta, wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayinta a gidan. Ta biyu ita ce Wilhelmina Stirling, ƙanwar da Evelyn ta girma da shekara goma. Evelyn da William ba su haihu ba. William ya rasu a 1917, ita ta bi shi a 1919, lokacin kuma yayin irin zanenta ya wuce, ba mai waiwayarsa. Wilhelmina ce ta bi ta tattara zanen yayarta da tukwanen mijin yayar, ta cika gidanta na Old Battersea House da su, tana zagayawa da baƙi tana ba su labari, har ta rasu a 1965 saura kwanaki ta cika shekara 100. Daga tarin nata aka kafa gidauniyar De Morgan. Gobarar da ta tashi a wani ɗakin ajiya a 1991 ta cinye wasu zanen, abin da ya tsira ana nuna shi a wurare irin su Cannon Hall da Wightwick Manor.

Zaɓen zanen ma akwai son a faranta wa ido. Helen ta Troy, kyakkyawar tatsuniyar Girka, tana nan, wata mai haɗa maganin soyayya da baƙar kyanwarta ita ma tana nan, amma daga zanenta na Yaƙin Duniya na Ɗaya, S.O.S. (kiran neman agaji) kaɗai aka sa, a Nuwamba: mace cikin farin tufa tsaye kan dutse a tsakiyar teku, hannu a buɗe, dodanni sun kewaye ta. Bayanin bai ce a 1916 ta baje irin waɗannan zane a ɗakin aikinta don tara wa ƙungiyar Red Cross ta Birtaniya da ta Italiya kuɗi ba. Matar da ta tsani yaƙi haka, an mayar da ita mai zana kyawawan 'yan mata da furanni.

Gargaɗi ga mai niyyar saye: biyu daga cikin zanen akwai tsiraici, irin na tatsuniyoyin Girka, kuma shagon bai nuna dukkan shafukan a hoton talla ba. Tawa a ɗakin karatu take, ba a falo ba. In don hotunan ne, fam 14 ba ta yi tsada ba, Janairu da Nuwamba kaɗai sun isa a yanke a sa a firam idan shekara ta ƙare. Flora kuwa sai dai a nemi bugunta daban, mai ƙafafu.