Songbird: fim ɗin da ya ci kasuwa da makokin mutane

Na daɗe ban kalli fim ɗin da ya ɓata mini rai kamar Songbird ba, kuma ba kuɗin datar da na ƙona ne suka fi damuna ba, ko da yake su ma sun tafi a banza. An ɗauki fim ɗin a birnin Los Anjalas a tsakiyar shekarar 2020, aka sake shi a watan Disamba na wannan shekarar, lokacin da korona take kan ganiyarta a Amurka. Adam Mason ne ya ba da umarni, Michael Bay kuma yana cikin waɗanda suka shirya shi, kuma sunan Bay ɗin ne ya ja ni, domin na ɗauka ko labarin bai yi armashi ba, ido zai sha kallo.

Labarin ya kai mu shekarar 2024, inda ƙwayar cutar ta rikiɗe ta zama COVID-23, mutane suna shekara ta huɗu a kulle. Kowace safiya sai kowa ya auna zafin jikinsa da wayarsa, wanda aka samu da zazzaɓi kuwa ma'aikatan tsafta su zo su kwashe shi da duk mutanen gidansa zuwa sansanin killacewa. Waɗanda jikinsu yake da rigakafi na halitta su kaɗai suke fita, da awarwaro ruwan ɗorawa a hannu. Cikinsu akwai Nico, ɗan aike mai raba kaya gida-gida, wanda KJ Apa ya fito a matsayinsa, da budurwarsa Sara, wato Sofia Carson, wadda ba ya iya haɗuwa da ita sai ta waya ko ta bayan ƙofa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi da kakar Sara. Tsohuwar nan ita ce kaɗai mutumin da na ji na yarda da shi a fim ɗin, ta fara tari, zazzaɓi ya rufe ta, jikarta tana zaune a gefenta ba ta da abin da za ta yi mata. Duk wanda ya ga yadda dattawa suka riƙa faɗuwa a Kano a watan Afrilun 2020 ya san nauyin wannan zama, ya san abin da ake nufi da a hana mutum wanke gawar nasa. Amma masu fim ɗin ba su ba mutuwar tata ko da ɗan lokacin numfasawa ba. Tana cikawa aka wuce, domin amfaninta a wurinsu kawai shi ne ta zama dalilin da za a zo kama Sara, saurayi kuma ya samu hujjar sheƙa gudu a kan babur yana neman awarwaron jabu. Na tsayar da kallon a nan, na yi shiru, saboda na ga an ɗauki abin da ya raba iyalai da iyayensu an mayar da shi gishirin miyar soyayya.

Gaskiya ɗaya ce, akwai wuraren da suka so su sauya mini ra'ayi. Titunan Los Anjalas da aka nuna wayam, babu mota babu mutum, suna da ban tsoro na gaske. Peter Stormare, wanda ya fito a matsayin shugaban ma'aikatan tsafta, tsohon mai kwasar shara da annoba ta ɗora a kan mulki, ya yi wasansa da wata irin mugunta mai ban dariya har na fara jin daɗin fitowarsa. Demi Moore ma ta yi iya ƙoƙarinta a matsayin matar attajirin da suke sayar da awarwaron a ɓoye, alhali 'yarsu marar lafiya tana ɗaki. A daidai nan na ce wa kaina wataƙila masu sukar fim ɗin sun tsananta.

Sai ƙarshen ya zo ya rushe komai. An nuna cewa Sara ta yi jinyar kakarta ba ta kamu ba, ma'ana ita ma tana da rigakafin, to me ya sa sai da awarwaron jabu za ta tsira? Sansanin killacewar da aka cika mana kunne da shi tun farko, ba a shiga da mu cikinsa yadda za mu san halin mutanen da ke can ba, kuma babu wanda ya sake tambayar makomarsu da zarar masoyan nan biyu sun haɗu. Labarin mawaƙiyar da Alexandra Daddario ta fito a matsayinta da na wani tsohon soja mai jirgi marar matuƙi an cusa su ne kawai don a cike lokaci, ga kyamara tana ta rawa har kaina ya yi ciwo, duk da cewa fim ɗin bai kai awa ɗaya da rabi ba. Ban ba kowa shawarar ya kashe datarsa a kansa ba, musamman wanda ya binne wani nasa a shekarar korona.