Space Hulk ko Neuroshima Hex: wanne ya dace da mai zama a ƙauye?

Wani ɗan'uwa daga wajen Ringim ya tambaya: yana da wayar Android da tsohuwar laftof, caji sai ya kai shago a kasuwa, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Tsakanin waɗannan wasanni biyu na yaƙin duniyar nan gaba, waɗanda asalinsu a kan tebur ake buga su, wanne zai saya?

Malam, ka fara da Neuroshima Hex. Ga dalili.

Space Hulk na kamfanin Games Workshop ne na Nottingham a Ingila, ya fito a 1989 cikin ƙagaggiyar duniyar yaƙi ta Warhammer 40,000. Na kwamfutar da muke nufi shi ne Space Hulk: Tactics na 2018. Kana jan sojoji masu nauyin sulke, Terminators, a lungunan mataccen jirgin sararin samaniya, dodanni Genestealers suna farautarsu. A dokar tebur sojanka maki 4 na motsi da harbi yake da su a kowane zagaye, dodo 6, kuma ko juyawa gefe sai ta ci maka maki 1. Idan dodo ya iso jikinka, shi dayis uku (irin na ludo) zai jefa, kai ɗaya, don haka kusan an gama. Dabarar ita ce ka kashe maki 2 ka tsayar da soja gadi yana fuskantar lungu, ya harbi duk abin da ya motsa. Amma a gadin ne bindiga take cijewa idan dayis biyun da ake jefawa wurin harbi suka faɗi lamba iri ɗaya. Sabon ɗan wasa yakan jera sojojinsa a lungu guda, na gaba ya tare wa na baya hanyar harbi, bindigar na gaban ta cije, layin ya tafi gaba ɗaya. Wasa ne mai sa gumi, muna matuƙar son sa.

Matsalarsa na'ura ce. Babu shi a waya. Saukewarsa gigabait da yawa ne, yana son laftof mai katin sarrafa hoto (graphics card) na daban, kuma yana zuƙe batir yana sa inji zafi, balle a watan Afrilu. Tsohuwar laftof ta ofis za ta riƙa sarƙewa.

Neuroshima Hex kuwa daga Poland yake, Michał Oracz ya tsara shi, Portal Games suka fitar a 2006. Filinsa gida 19 ne kacal masu kusurwa shida. Kowace runduna ƙwaya 35 gare ta, hedikwatarta tana da rai 20. Za ka ɗebi ƙwaya har uku, dole ka yar da ɗaya, ka dasa sauran. Ba dayis ko ɗaya. Faɗa yana tashi ne idan wani ya jefa ƙwayar yaƙi ko fili ya cika, sannan a bi lambar da ke jikin kowane mayaƙi daga babba zuwa sifili: mai 3 ya riga mai 2 bugu. Nan ake yawan faɗuwa. Mutum ya dasa maharbi mai ƙarfi mai lamba 1, wani ɗan ƙarami mai 3 ya kawar da shi kafin ya ɗaga bindiga. Masu lamba iri ɗaya kuma tare suke bugu, suna iya kashe juna. Sai a kula da inda kibiyar ƙwaya ta fuskanta, da masu jefa raga, domin wanda raga ta kama ba ya komai. Wanda ya iya dara zai gane wannan lissafin da wuri. Rundunonin asali huɗu ne, Moloch da Borgo da Outpost da Hegemony. Borgo ta fi sauƙin koyo saboda saurinta.

A waya Neuroshima Hex ba ya da nauyi, ana karawa da na'ura ba tare da intanet ba, mutum biyu ma suna iya miƙa wa juna waya ɗaya a dandali bayan isha'i. Ƙwayoyin alamomi ne ba rubutu ba, wanda bai yi nisa a Turanci ba ba zai sha wahala ba. Na kuɗi ne a Play Store, kuma wasu katunan banki ba sa wucewa, ka gwada naka tukuna.

Idan duniyar Warhammer ɗin ce ta ja ka, akwai Tacticus na 2022 a waya, kyauta, sai dai ba daga tebur aka ɗauko shi ba, kuma ba ya buɗewa sai da data. Da irin sabis ɗin da ka kwatanta, zai fi ba ka haushi fiye da nishaɗi.